Waiwaye: Yadda dokar mutuwa da taimakon likita ta tsallake ciwon ajali

A watan Yunin 2016 majalisar dokokin Kanada ta halatta wa likita ya taimaka wa majinyaci ya mutu. Sai dai ta gindaya sharaɗi, cewa dole ya kasance ciwo ya ci jiki har ana hango mutuwar tafe. Ba a cika shekara biyar ba aka cire sharaɗin. Yau a Kanada mutumin da wataƙila yake da sauran shekara ashirin ko talatin a duniya yana iya neman allurar mutuwa, doka kuma ta ba shi. Mafarin wannan hanya kuwa a Holan yake, shekaru da dama kafin Kanada ta shigo.

A 1971 wata likita mai suna Geertruida Postma ta yi wa mahaifiyarta allurar da ta yi ajalinta, bayan tsohuwar, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ta yi ta roƙonta. Kotu ta same ta da laifi a 1973, amma hukuncin bai wuce ɗaurin mako ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka ba. Tun daga nan kotunan Holan suka riƙa auna irin waɗannan shari'o'i da tsananin wahalar da majinyaci yake sha. Kusantowar ajali ba ta zama ma'auninsu ba, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya tsiro.

Shari'ar da ta fito da lamarin fili ita ce ta Boudewijn Chabot, likitan ƙwaƙwalwa. A 1991 wata mata mai shekara 50 ta zo wurinsa. Aurenta ya mutu, ɗanta guda ya kashe kansa, ɗayan kuma ciwon daji ya ɗauke shi. Jikinta lafiya lau, amma ta ce ta gama da duniya, ta kuma ƙi yarda a yi mata magani. Chabot ya zauna da ita sau da dama, ya shawarci wasu likitoci, amma babu ɗaya cikinsu da ya sa ta a ido. Daga ƙarshe ya miƙa mata maganin, ta sha a gabansa ta mutu. A 1994 Kotun Ƙoli ta ce ya yi laifi saboda bai sa wani likita ya duba ta ba, amma ba ta hukunta shi ba. Abin da ya fi hukuncin nauyi shi ne kotun ta yarda cewa ciwon zuciya da baƙin ciki suna iya zama hujja, ko da jiki lafiyarsa ƙalau. Uwa ce fa da ba ta daɗe da binne ɗanta na biyu ba. Duk wanda ya taɓa zaman makoki da irin wannan uwa ya san maganar da take fita daga bakinta a watannin farko, ya kuma san ba lallai ne ita za ta maimaita bayan shekara biyu ba.

Kotun ta ɗan ja birki a 2002, a shari'ar Edward Brongersma, tsohon ɗan majalisar dattawa da aka taimaka wa ya mutu yana da shekara 86 don ya gaji da rayuwa. Ta ce dole wahalar ta samo asali daga wata cuta da likita ya sani. A shekarar ce kuma dokar Holan ta fara aiki, ran 1 ga Afrilu, da sharaɗin wahalar da ba ta jurewa, wadda kuma babu alamar samun sauƙinta. A 2023 mutum 9,068 ne suka mutu ta wannan hanya, 138 daga cikinsu saboda larurar ƙwaƙwalwa. A 2024 masu larurar ƙwaƙwalwar sun kai 219.

Beljiyam ta bi sahu a 2002. A ƙarshen 2012 aka yi wa wasu tagwaye kurame masu shekara 45 allurar tare, domin sun gano za su makance, ba za su ƙara ganin juna ba. A Suwizalan kuwa taimaka wa mutum ya kashe kansa ba laifi ba ne muddin babu son zuciya a ciki, shi ya sa masanin kimiyya David Goodall ya taso daga Ostireliya yana da shekara 104 ya mutu a kusa da birnin Basel a 2018. Wasu ƙasashen sun ƙi wannan hanya. Jihar Oregon ta Amurka, wadda dokarta ta fara aiki a 1997, ta tsaya kan wanda likitoci suka ce ba zai wuce wata shida ba, haka ma ƙudurin da ya tsallake majalisar wakilan Birtaniya a Yunin 2025.

Kanada ma ta fara da tsauri, sai kotu ta buɗe ƙofar. Mutum biyu ne suka kai ƙara a lardin Quebec: Jean Truchon, wanda aka haifa da larurar shanyewar gaɓoɓi, daga baya hannu ɗayan da yake amfani da shi ma ya daina aiki, da Nicole Gladu, wadda cutar shan-inna ta bar wa ciwo mai ƙaruwa. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Cewa suka yi, in wahala ce dalilin dokar, don me za a ji ƙan wanda zai sha ta wata uku, a hana wanda zai sha ta shekara ashirin? A Satumbar 2019 mai shari'a Christine Baudouin ta ba su gaskiya. Gwamnatin Justin Trudeau ba ta ɗaukaka ƙara ba, kuma ran 17 ga Maris 2021 sabuwar doka ta fara aiki. An buɗe layi na biyu ga waɗanda ajalinsu bai matso ba, da sharaɗin a yi aƙalla kwana 90 ana tantance su.

Masu buƙata ta musamman da yawa sun yi ta kuka tun kafin a sa hannu, shugabannin addinai, Musulmi da Kirista da Yahudawa, suka mara musu baya. Ƙorafinsu shi ne doka ta ware su. Lafiyayye in ya ce zai kashe kansa, rarrashinsa ake yi a nema masa taimako, amma mai keken guragu in ya faɗi haka sai a miƙa masa takardar cikewa. A 2022 kafafen labaran Kanada suka ba da labarin wata mata mai shekara 51 a lardin Ontario, wadda hayaƙin taba da warin sinadarai suke tayar mata da ciwo. Ta daɗe tana neman a sauya mata gida mai tsabtar iska, likitoci suka rubuta wa hukumomi a madadinta, ba a samu ba. Da ta nemi mutuwa, an amince. A ganina a nan ne hujjar zaɓin kai take raunana. Wanda aka hana gida da magani da mai kula da shi, aka bar masa ƙofa ɗaya a buɗe, ba za a ce da yardarsa ya bi ta ba.

Masu goyon bayan dokar suna nuni da alƙaluma. A 2023 mutum 15,343 ne suka mutu da taimakon likita a Kanada, kusan kashi 5 cikin ɗari na duk mace-macen shekarar, kuma 622 kacal ne suka bi layi na biyu. Ƙalilan ne in an kwatanta. Amma rahoton da ofishin binciken mace-mace na Ontario ya fitar a 2024 ya nuna 'yan layi na biyun sun fi fitowa daga unguwannin da ake fama da matsalar gidajen zama. A Satumbar 2024 ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman suka shigar da ƙara suna neman a soke layin, a Maris 2025 kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙinsu ya buƙaci Kanada ta yi hakan.

Saura batun wanda larurar ƙwaƙwalwa kaɗai take damunsa. An tsara shigar da su a Maris 2023, aka ɗage zuwa 2024, aka sake ɗagewa zuwa 17 ga Maris 2027, domin likitocin ƙwaƙwalwa kansu ba su daidaita ba kan yadda za a tabbatar cewa ciwon mutum ba zai taɓa warkewa ba, ko yadda za a bambance buƙatar mutuwa da aka yi cikin natsuwa da wadda cutar ce take magana.