Fasfo, rajistar masauki da kwanakin biza: abin da dokar ƙasar Sin ta ɗora wa baƙo

Duk wanda ya sauka Guangzhou sayen kaya, ko zai zarce Yiwu, yana ƙarƙashin dokar shige da fice ta ƙasar Sin wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2013. Sashe na 38 ya wajabta wa baƙon da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da fasfonsa, kuma ɗan sanda na da hurumin ya ce a nuna masa.

Inda aka fi samun matsala shi ne sashe na 39. Idan otal ka sauka, ma'aikatansa ne za su karɓi fasfonka su yi maka rajista. Amma idan ɗakin ɗan'uwa ne ko gidan haya, dole cikin awa 24 kai ko mai masaukinka ku je ofishin 'yan sandan unguwar da fasfo da shaidar gidan. Za a ba ka 'yar takarda. Ka adana ta da kyau, domin ita ake nema ranar da ka je ƙarin kwanakin biza. In ka sauya masauki, sai sabuwar rajista. Wanda ya yi sakaci ana iya cin sa tarar da ta kai yuan 2,000.

Tikitin jirgin ƙasa da suna ake sayar da shi, a tasha ko a 12306, manhajar hukumar jiragen ƙasa ta Sin, kuma fasfon da ka saya da shi ne zai shigar da kai. Harafi ɗaya ya saɓa a suna ko lamba, ana iya tsayar da kai a ƙofa. In na'ura ta ƙi karanta fasfon, bi layin da ma'aikaci ke tsaye.

Sai kwanakin biza. Ranar ƙarshe da biza ta ba ka damar shiga ƙasar daban, adadin kwanakin zama daban, kuma na biyun ne ake ƙirga maka. Wanda ya zarce, ana iya cin sa tarar yuan 500 kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Mai son ƙari ya nema kwana 7 kafin wa'adinsa ya cika.

Leƙawa Hong Kong ma fita ce. Mai bizar shiga sau ɗaya, in ya tsallaka, ba zai dawo da ita ba, ko da kayansa na can a sito suna jiran lodi.