Awon Kaya a Jirgin Sama: Iyakar Nauyi da Kuɗin Ƙari

Awon kaya shi ne auna jakunkunan fasinja a filin jirgin sama kafin a karɓe su a loda. Yawanci tikiti yana tafe da adadin kayan da mai shi zai ɗauka ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Abin da ya haura wannan adadi, ko a nauyi, ko a yawan jaka, ko a girma, sai an biya masa kuɗi daban, kuma wannan kuɗin shi matafiya ke kira kuɗin awo, wasu su ce ekses. Maganar ta shafi kayan da ake miƙawa a kantar kamfanin jirgi ne, waɗanda ke tafiya a ƙasan jirgi. Jakar hannu nata hukuncin daban, yawanci kilo 7 ko 8.

A Kano awon kaya ba ƙaramar magana ba ce. Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, wanda ya fara aiki a 1936, yana cikin tsofaffin filayen jirgi a Najeriya, kuma manyan masu bi ta cikinsa zuwa ƙasashen waje su ne alhazai da masu Umara da 'yan kasuwa da ɗalibai da masu zuwa asibiti Masar ko Indiya. Duk cikinsu ba mai tafiya hannu rabbana.

Tsari biyu na lissafi

Kamfanonin jiragen sama suna bin ɗaya daga cikin tsari biyu. Na farko tsarin nauyi: a ce wa fasinja yana da kilo 20 ko 30, ya raba su a jaka nawa ya ga dama, abin da ake dubawa jimilla ce. Na biyu tsarin ƙidaya: a ce yana da jaka ɗaya ko biyu, kowacce kada ta wuce kilo 23 a ɓangaren ikonomi, ko kilo 32 a ɓangaren manya. Tsarin ƙidaya ya yi ƙarfi ne tun farko a hanyoyin Amurka da Kanada, shi ya sa adadin ya zo a karkace: kilo 23 laba 50 ce a ma'aunin Amurkawa, kilo 32 kuma laba 70. Haka ma girman jaka. Idan aka haɗa tsawo da faɗi da kauri, kada su wuce santimita 158, wato inci 62.

Bambancin yana cizon wanda bai sani ba. Mai jaka biyu a tsarin ƙidaya, ɗaya kilo 28 ɗaya kilo 15, jimillarsa 43 ce, bai kai 46 ɗin da yake da su ba, amma duk da haka za a ce masa ta farkon ta yi nauyi. Ba a yi wa jaka ciko da rarar 'yar'uwarta sai dai mutum ya buɗe ya kwashe da hannunsa.

Jiragen cikin gida, irin na Kano zuwa Abuja ko Legas, galibi tsarin nauyi suke bi, tsakanin kilo 15 da 23 gwargwadon kamfani da irin tikitin. Na ƙasashen waje da yawa suna ba da jaka biyu masu kilo 23-23 a hanyoyin Afirka, kamar yadda Ethiopian Airlines ke yi. Abin da ke rubuce a jikin tikiti shi ne hujja. Idan an rubuta 2PC, jaka biyu ke nan. Idan an rubuta 30K, kilo 30 ke nan jimilla. Abin da ejan ya faɗa da baki ba ya aiki a gaban sikeli.

Iyaka uku da ake kira da suna ɗaya

Yawancin gardamar da ake yi a kanta tana tasowa ne daga haɗa abubuwa uku a kira su duka “kilo”, alhali kowanne da dalilinsa.

Na farko shi ne adadin kyauta da ke kan tikiti. Wannan ciniki ne zalla. Kamfani ne ya yanka shi, yana iya ƙara shi don jawo fasinja, yana iya rage shi don tatsar kuɗi, kuma wanda ya biya an wuce wurin.

Na biyu shi ne kilo 32 na jaka guda. A mafi yawan kamfanoni wannan ba ya sayuwa. An sa shi ne saboda bayan masu loda kaya, waɗanda a ƙananan jirage suke durƙushe a ɗakin da ba a iya miƙewa tsaye, suna ɗaga ɗaruruwan jakunkuna ɗaya bayan ɗaya. Ko mutum ya zaro kuɗi ya ce zai biya ko nawa ne, jakar da ta kai kilo 40 sai an raba ta biyu, ko ta bi kago, wato jigilar kaya zalla.

Na uku shi ne nauyin da jirgin kansa zai iya tashi da shi, kuma nan babu alfarma. Kafin kowane tashi ana cika takardar lodi: nauyin jirgi, da na mai, da na fasinjoji, da na kaya, da inda aka ajiye kowanne, domin kada gaba ta rinjayi baya ko baya ta rinjayi gaba. Fasinjoji ba a ɗora su a sikeli, ƙiyasi ake yi musu. Kaya kuwa ana auna su, don haka duk kilon da aka ɓoye ƙarya ce aka shigar a lissafin matuƙi. Zafi ma yana da ta cewa. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da inji ba sa samun abin riƙewa sosai, saboda haka jirgin da zai tashi daga Kano da tsakar ranar Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, ba lallai ya ɗauki abin da zai ɗauka da asubahin hunturu ba. Wannan na cikin dalilan da kan sa fasinja ya sauka ya tarar an bar jakarsa sai jirgi na gaba, ko da bai wuce ƙa'ida ba.

Abin da ya faru a Kwatano ranar 25 ga Disamba 2003 ya isa misali. Wani jirgi ƙirar Boeing 727 mai zuwa Beirut ya kasa ɗagawa yadda ya kamata, ya bugi wani gini a ƙarshen titin tashi, ya faɗa bakin teku, mutum fiye da 130 suka rasu. Bincike ya nuna an yi masa lodi fiye da kima, kuma matuƙan ba su san ainihin nauyin da suke ɗauke da shi ba, balle yadda aka rarraba shi.

Yadda ake yanka kuɗin

A da, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, tana da ƙa'ida guda: kowane kilo na ƙari a caje shi kashi 1.5 cikin 100 na tikitin ikonomi mafi tsada na zuwa kawai. Idan tikitin dala 1,000 ne, kilo ɗaya dala 15 ke nan, kilo goma dala 150. Yanzu kowane kamfani da nasa jadawalin. A tsarin nauyi ana caji kilo-kilo. A tsarin ƙidaya kuɗin dunƙule ne: akwai na ƙarin jaka, akwai na jakar da ta faɗa tsakanin kilo 23 da 32, akwai na wadda ta wuce girma, kuma jaka ɗaya tana iya cin tara biyu. A nan ne kilo biyu kacal kan jawo kuɗin da ya fi ƙimar abin da ya kawo nauyin.

Mayar da jaka hanyar samun kuɗi sabon abu ne. Ryanair ya fara cajin kayan awo a Turai a 2006, sannan a 2008, shekarar da gangar ɗanyen mai ta haura dala 140, American Airlines ya sa dala 15 a kan jakar farko. Mai ya sauko daga baya, kuɗin jaka bai sauko ba.

Sayen ƙarin kilo ta intanet ko a ofishin kamfani kafin ranar tafiya ya fi sauƙi a mafi yawan kamfanoni. Ga mai tashi daga Kano akwai ƙarin ciwo: farashin hanyoyin waje da dala ake yanka shi, a juya zuwa naira da canjin ranar. Idan kuma tafiyar ta haɗa kamfani biyu a tikiti ɗaya, tun 2011 ƙa'idar IATA ita ce a bi dokar kamfanin da ya ɗauki zangon da ya fi muhimmanci. Wanda ya yanki tikiti biyu daban-daban don neman araha ba ya cikin wannan rangwame. A zango na biyu za a sake auna shi kamar yanzu ya fito daga gida.

A gaban sikeli

Duk wanda ya taɓa raka matafiyi jirgin dare ya san hoton. An ɗora jaka, lamba ta tsaya a 27.

“Hajiya, kilo huɗu ne suka hau.”

“Haba ɗana, kuka ce da daddawa da ɗan yaji. Yarinyar nan shekara biyu rabonta da miyar gida.”

“Wallahi Hajiya ba daga ni ba ne. Ko dai a rage, ko a je a biya.”

Sai a ja gefe a zuge zif. Turmin atamfa ya koma jakar hannu, ƙullin kilishi ya koma hannun ɗan rakiya, a ɗora mayafi a kan mayafi. Abin da mutane ke mantawa shi ne akwatin kansa yana cin kilo huɗu ko biyar tun ba a sa masa komai ba. Wannan ne ya sa jakar Gana-mas-go ta daɗe tana ci, don ita kusan ba ta da nauyi. Sai dai tana yagewa tana maƙalewa a bel ɗin kaya, har a watan Nuwamba 2023 Ethiopian Airlines ya sanar da daina karɓarta daga Najeriya sai an sa ta a kwali ko akwati mai tauri.

Wajen ragin nan ake yin wani kuskuren. Turare ko man shanu mai ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu a jirgin ƙasashen waje, fawa-banki kuma ba ya shiga kayan awo saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Wanda ya juya kaya cikin gaggawa yakan rasa su a wurin bincike.

Alhazai

Jigilar alhazai tana da nata tsarin, wanda hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ke tsayarwa da kamfanonin da ta ba aiki, Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano kuma ta aiwatar ga maniyyatanta. Shekaru da yawa ƙa'idar ita ce babbar jaka mai kilo 32 da ta hannu mai kilo 8. Daga baya aka fara ganin tsarin jaka biyu masu kilo 23-23. Jakunkunan iri ɗaya ne, hukuma ke raba su.

Tafiya ba ta cika zuwa da matsala ba, in ban da abin da aka hana shiga da shi Saudiyya, irin goro. Dawowa ce aiki. Dabino, darduma, carbi, jallabiya, abaya, bargo, butar shayi, ga jerin sunayen dangi da maƙwabta da kowa ke jiran tsarabarsa. Ana auna manyan jakunkuna tun a masauki a Makka, kwanaki kafin tashi, a wuce da su. Daga nan sai alhaji ya ci gaba da shiga kasuwa, jakar kilo 8 ta kumbura ta ninka, a zo filin jirgin Jidda a yi ta zubar da kaya. Jinkirin da wannan ke jawowa kowa a jirgin yake shafa. Abin da ya yi rara hanyarsa kamfanonin kago ne da hukuma ta amince da su, kayan su iso bayan makonni. Ruwan Zamzam kuwa hukumomin Saudiyya sun hana a cusa shi cikin jaka. Ana kawo shi daban, a ba kowane alhaji lita 5 a gida. Masu bin jirgin yawo dokar kamfanin da suka hau ce a kansu.

Ragowar kilo

Ga ɗan kasuwar Kantin Kwari ko mai sayar da waya a Farm Centre, kilo jari ne. Manyan kaya daga Dubai ko Sin ta kago ko kwantena suke zuwa, amma samfuri da kaya masu tsada marasa nauyi sukan biyo mai su, kuma yakan zaɓi jirgi ne da lissafin kilon da za a ba shi, ba kuɗin kujera kaɗai ba. Daga nan wata al'ada ta samo asali: a ga mutum da 'yar jaka ɗaya a layi, a matso a ce, “Alhaji, don Allah ko za ka taimaka a sa mini wannan da sunanka?”

Doka ba ta san taimako ba. Jakar da aka liƙa wa lamba da sunan mutum tasa ce, da duk abin da ke ciki. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya kan wata jaka mai ɗauke da ƙwayar tramadol da aka yi wa lamba da sunanta. Binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ya gano wasu ne a filin jirgin Kano suka liƙa lambar ba da saninta ba, aka sake ta a ƙarshen Afrilu 2019 bayan ta shafe wata huɗu a tsare. Tun daga nan ake jan kunnen matafiya su ƙirga 'yan takardun lambar da aka manna musu a bayan tikiti: jaka ɗaya lamba ɗaya, kuma su duba nauyin da aka rubuta.

Idan jaka ta ɓace

Biyan kuɗin awo ba inshora ba ne. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Waso ta 1929 da kilo ake biyan diyya, kimanin dala 20 kowane kilo, ko zinare ne a ciki ko tsumma. Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1999, wadda Najeriya ta shigar cikin dokarta ta sufurin jiragen sama, ta mayar da diyyar kan fasinja, ba kan nauyi ba. Daga ƙarshen Disamba 2024 iyakarta SDR 1,519 ce, ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, abin da ya kai kusan dala 2,000, ko jaka ɗaya mutum ya ba da ko biyar. Mai kayan da suka fi haka daraja sai ya bayyana ƙimarsu a kanta ya biya ƙari tun kafin tashi.

Ana cika takardar rahoto ne kafin a bar zauren ɗaukar kaya. Wanda jakarsa ta lalace yana da kwana 7 ya rubuta ƙorafi, wanda tasa ta makara yana da kwana 21 daga ranar da ta iso hannunsa, jakar da ta kwana 21 ba ta zo ba kuma ana ɗaukarta ta ɓata. Idan kamfani ya yi kunnen ƙashi, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja, kuma abin da za a fara tambaya shi ne tikiti, da rasidin kuɗin awo, da 'yar takardar lambar nan.