Mai Ciwon Sukari A Kan Teku: Wani Lokaci Zaƙi Ne Maganinsa

An daɗe ana cewa mai ciwon sukari shi da zaƙi sai dai kallo, kuma aikin ƙarfi ba nasa ba ne. Duka biyun akwai gyara. Steve Redgrave na Ingila an gano ciwon a jikinsa a 1997, ya kuma ci zinare a tseren kwalekwale na Olamfik a 2000.

Mai atisayen tuƙa ƙaramin kwalekwale na awoyi a teku, musamman mai allurar insulin, faɗuwar sukari ce babbar barazanarsa. Tsokar da ke aiki zuƙe sukarin jini take yi. Da ya sauka ƙasa da 70 mg/dL a ma'aunin sukarin jini sai karkarwa, gumi da ruɗewa su biyo baya. Abin haushin, a cikin ruwa mutum zai ɗauka sanyi ne ko gajiya, ya ci gaba da tuƙi, ga igiyar ruwa ba ta jiran kowa.

Shi ya sa ƙwayoyin gulukos, wato sukari mai saurin shiga jini, a aljihun rigar ceto suke zama, inda hannu ɗaya zai kai, kada a cusa su can ƙasan kaya. Idan sukarin ya faɗi, a sha giram 15, a sake gwada jini bayan minti 15.

Bayan an fito ma ba a gama ba, don sukarin na iya faɗuwa cikin dare, har awa 24 bayan atisaye. Rage allura kafin fita kuwa da likita ake tsara shi, ba a daina ta. Insulin ɗin a kare shi daga rana, zafi na lalata shi.