Lissafin Turjiya da Ƙarfin Aikin Lantarki

Turjiya (R) ita ce gwargwadon yadda waya ko na'ura take tare wa lantarki hanya, kuma ana auna ta da om (Ω). Idan an san matsin lantarkin da aka ba na'ura (V), wanda ake aunawa da bolt, aka kuma san yawan lantarkin da take ja (I), wanda ake aunawa da amfiya, to raba matsin da yawan shi ke fitar da turjiya: R = V ÷ I. Wannan ita ce Dokar Ohm, wadda masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Georg Simon Ohm, ya wallafa a shekarar 1827.

Ƙarfin aiki (P) kuwa, wato saurin da na'ura take mayar da lantarki zafi ko haske ko motsi, ana samun sa ne ta ninka matsi da yawan lantarki: P = V × I, ana kuma ƙidaya shi da wat. Haɗa lissafin biyu yana haifar da wasu guda biyu, P = I² × R da P = V² ÷ R, waɗanda su ne suka fi bayyana abin da ake gani a gidaje.

Matsin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne a ƙa'ida. Dutsen guga mai wat 1000 yana jan kimanin amfiya 4.35, turjiyarsa kuma ta kai om 53. Idan matsin ya sauka zuwa bolt 180, abin da jama'a ke kira lo-karan alhali matsi ne ya faɗi tun farko, ƙarfin aikin dutsen ba zai wuce wat 612 ba. Matsin ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari, amma zafin ya ragu da kusan kashi 39, domin a lissafin ana ninka matsi da kansa. Shi ya sa mai guga yakan yi ta goga shadda ɗaya ba ta kwanta ba.

Lissafin ya fi muhimmanci ga masu haɗa sola a Sakkwato, inda rana take da yawa kuma batir mai bolt 12 ya zama ruwan dare. Kayan da ke cin wat 120 suna jan amfiya 10 daga irin wannan batir, alhali a bolt 230 rabin amfiya da ɗoriya kawai za su ja. Waya mai turjiyar om 0.1 za ta ɓarnatar da wat 10 a matsayin zafi a yanayi na farko, a na biyu kuwa asarar ba ta kai wat 0.03 ba. Dalili ke nan da ƙwararren mai gyaran wuta yake sa waya mai kauri, gajera kuma, tsakanin batir da inbata. Zafin bazara yana ƙara tsananta lamarin, tun da turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya.

Dokar tana da iyaka. Turjiyar tsohon ƙwan fitila mai zare takan ninka kusan sau goma idan ya yi zafi. Haka nan fanka da firiji da injin burtsatse, waɗanda ke aiki da naɗaɗɗiyar waya a kan wutar gida mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, V × I yakan zarce ainihin wat ɗin da suke ci, don haka ake rubuta girman janareta da inbata da VA (bolt-amfiya) ko kVA (VA dubu).