Waiwaye: Daga Ina Diyyar Raunin Aiki Ta Faro a Najeriya?

Dokar farko da ta tanadi diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki a Najeriya ta zo ne a farkon shekarun 1940, zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma an kwaikwayo ta ne daga dokokin Ingila. Wanda ya ɗauki ma'aikacin aiki ne ke biya daga aljihunsa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sabunta ta a 1987, amma ginshiƙin bai canza ba.

A ƙarƙashin dokar 1987, wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada ana ba shi kuɗin albashin wata 54 a dunƙule, iyalan wanda ya rasu kuma na wata 42. Mai raunin wucin gadi yana karɓar cikakken albashi na wata shida, rabi na wata uku, sai kwata na wata goma sha biyar. A takarda abin ya yi kyau. Amma saurayi ɗan shekara ashirin da biyar da inji ya cinye wa hannaye biyu, kuɗin shekara huɗu da rabi ina za su kai shi? Kuma kafin ma ya same su sai ya yi ta ja-in-ja da maigidansa, wani lokaci har kotu, alhali ko kuɗin lauya ba shi da shi. Idan kamfanin ya durƙushe, sau da yawa shi ke nan, diyyar ta bi ruwa.

Wannan ne ya sa aka kawo sabuwar doka, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Disambar 2010. Ta ɗauke nauyin daga wuyan mai ɗaukar ma'aikata shi kaɗai, ta mayar da shi asusu guda da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke kula da shi. Ita wannan hukuma ta samo asali ne daga asusun ajiyar ma'aikata na 1961. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashin ma'aikaci.

Babban sauyin shi ne na nakasa ta dindindin. Wanda ya rasa ikon yin aiki kwata-kwata yana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda ya rasa wani sashe, kamar ido ɗaya ko yatsu, ana auna irin asarar da ya yi ta fuskar samu, a biya shi daidai da haka. Akwai kuma tanadi daban ga mai raunin da zai warke, da kuɗin asibiti, da ƙafa ko hannun roba. Dokar ta haɗa har da hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki, da cutar da aikin kansa ya jawo. Ta kuma ambaci ma'aikacin wucin gadi, da mai koyon sana'a, da 'yar aikin gida. Sojoji ne aka ware.

Abin takaicin shi ne waɗanda dokar ta fi kamata ta rufa wa asiri su ne ba su san da ita ba. Leburan da ke aikin kwana a injin roba a masana'antun Sharada ko Challawa a Kano, da birkilan da ya faɗo daga bene, sau da yawa maigida kan biya kuɗin ɗinki da magani, ya ce "Allah ya kiyaye gaba," a rufe maganar da sunan ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta soke haƙƙin bawan Allah. Kamfanoni da dama ba su yi rajistar ma'aikatansu ba, kuma hukumar ta sha kokawa kan gwamnatocin jihohin da ba sa zuba nasu kason.

Ga kuma wa'adi, wanda ke kayar da mutane da yawa: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana iya kai ƙara kotun ma'aikata ta ƙasa.