Zaɓen masoyi a Kano: yadda yake a da, da yadda ya koma

Gaskiya ne a da yarinya ba ta da ta cewa wajen zaɓen miji?

Akwai ƙamshin gaskiya, amma ana ƙara gishiri. A mazhabar Malikiyya da Kano ke bi, uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, kuma nan auren dole ya samu gindin zama. Bazawara kuwa ba a ɗaura mata sai da yardarta. Ko a da ɗin ma akwai dandali. Da daddare 'yan mata su fito gaɗa, saurayi ya hango wadda ta kwanta masa, ya aiki yaro ya kira ta, ya miƙa toshi. In ta karɓa yau ta karɓa gobe, magana ta doshi kunnen manya.

Kulle fa, daga ina ya samo asali?

Tarihin Kano ya jingina farawarsa ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ya fi ƙarfi a gidajen sarauta, malamai da attajirai. Sai dai bai hana mata neman na kansu ba: uwa tana ciki tana dama fura ko suyar ƙosai, 'ya tana waje da faranti. A wajen tallan nan aka ƙulla aure da yawa.

Me samari da 'yan matan yanzu suke dubawa?

Shi ya ce fara, doguwa, mai karatu. Ita ta ce mai abin yi, in da mota ya fi. Zancen da ake yi a zaure, ƙanwa na zaune a gefe, ya koma WhatsApp. Son fara ɗin nan, a ganina, shi ya jefa 'yan mata da yawa shafe-shafen mai, kuma masu zaginsu su ne masu neman farar. Asali dai bai gushe ba, har gobe iyaye sai sun bincika.

Hukuma tana sa baki?

Tana sawa. A 2012 gwamnatin Kwankwaso ta fara auren zawarawa ta hannun Hisbah. A 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da ƙanjamau, ciwon hanta da sikila. Shi ya sa wasu tun ba a yi nisa ba ake tambayar nau'in jini don gudun sikila: "Kai AA ne ko AS?"