Vin Scully

Vincent Edward Scully (29 ga Nuwamba 1927 – 2 ga Agusta 2022) mai sharhin wasan besbol ne ɗan Amurka. Ya yi shekara 67 yana kawo wa masu sauraro wasannin ƙungiyar Dodgers, daga 1950 zuwa 2016. Babu mai sharhin da ya daɗe haka da ƙungiya guda.

Farkon rayuwa

An haife shi a Bronx, cikin birnin New York, ya yi karatu a Jami'ar Fordham. Ya sha ba da labarin cewa yana yaro yakan shige ƙarƙashin babbar rediyon gidansu, ya kwanta don kawai ya ji ihun 'yan kallo. A lokacin Giants yake goyon baya, wato manyan abokan hamayyar Dodgers.

Red Barber, babban mai sharhin Dodgers, ne ya ɗauko shi aiki a Brooklyn, inda ƙungiyar take a lokacin, kuma shi ya hore shi kada ya riƙa nuna ɓangaranci a bakin makirfo. A 1953, yana ɗan shekara 25, ya yi sharhin gasar ƙarshe ta World Series.

Shi da magoya baya

Da ƙungiyar ta koma Los Angeles a 1958, ta fara wasa ne a filin Coliseum, wanda ba don besbol aka gina shi ba. Na can sama da ƙyar suke hango ƙwallo. Sai mutane suka shiga zuwa da ƙananan rediyo masu batir, ido na kan fili, kunne na wajen Scully, har muryarsa takan cika wurin. Wata rana, wajen 1960, ya ce wa jama'a idan ya ƙirga uku su taya alƙalin wasa Frank Secory murnar ranar haihuwarsa. Suka kuwa amsa baki ɗaya.

Yawanci shi kaɗai yake zama a ɗakin sharhi. Yakan saƙa labarin ɗan wasa tsakanin jifa da jifa, kuma ya san lokacin yin shiru. Ranar 8 ga Afrilu 1974, da ɗan wasa Hank Aaron ya karya tarihin Babe Ruth na yawan "home run" (bugun da ke tsallakar da ƙwallo katangar fili) da bugunsa na 715, Scully ya ja bakinsa na ɗan lokaci, ya bar sowar jama'a ta isa gidajen mutane. A 1976 magoya bayan Dodgers suka zaɓe shi a matsayin mutumin da ba za su manta da shi ba a tarihin ƙungiyar, ya sha gaban 'yan wasan kansu.

Ba kowa ke son wannan salo ba. A Chicago, misali, da yawa sun fi ƙaunar masu sharhi irin su Harry Caray da Ken Harrelson, masu fitowa fili su goyi bayan ƙungiyarsu.

Sauran ayyuka da karramawa

Ya yi wa gidajen talabijin na CBS da NBC aiki. Ya sami lambar Ford C. Frick, wadda ake ba masu sharhin besbol, a 1982, Shugaba Obama kuma ya ba shi lambar 'yanci ta shugaban ƙasa a 2016. Wasan ƙarshe da ya yi sharhinsa shi ne na 2 ga Oktoba 2016 a San Francisco, gidan Giants.